Hurumi da Girbi: Tambayoyi Biyu Kafin a Buga Lissafi

Sharhinmu na yau a kan lissafi yake. Na san tuni wani ya miƙa hannu zai murɗa akwatin rediyo. Dakata tukuna, malam. Maganar ba ta da tsauri, kuma ta shafe ka. Ga ta a dunƙule. Kowace ƙa'idar lissafi tana da iyaka. Akwai abin da take karɓa, akwai kuma abin da take iya bayarwa. Yaron da ya haddace ƙa'ida bai san iyakarta ba, rabin karatu ya yi. Ni a ganina, wannan iyakar ya kamata a fara koya masa, kafin a ɗora masa hadda. A kan wannan za mu tsaya yau.

Bari mu fara da injin niƙa, tunda babu unguwar da ba a jin ƙararsa. Yarinya ta kawo gero a ƙwarya. Mai inji ya zuba ta sama, gari ya fito ta ƙasa. Abu ya shiga, an yi masa aiki, wani abu ya fito. To, abin da littafin sakandare yake kira fankishin, kusan haka yake. Ƙa'ida ce da kake ba ta lamba, ta juya ta, ta miƙo maka wata lamba. Sharaɗinta guda ne. Duk abin da ka zuba, amsa ɗaya tak za ta ba ka, ba biyu ba. Yanzu tambayoyi biyu suka taso. Ta farko, me injin yake karɓa? Yana karɓar gero da dawa da masara. Ba ya karɓar tsakuwa. Ka zuba masa ita, ka yi asarar haƙoran inji. Tarin abubuwan da ƙa'ida take karɓa shi ne ɗalibai suka sani da domen. Mu a nan hurumi za mu kira shi, domin Bahaushe ya san me ake nufi in an ce abu ba huruminka ba ne. Tambaya ta biyu, me zai iya fitowa? Gari zai fito, tsaki zai fito. Amma ko kwana aka yi ana niƙan gero, man gyaɗa ba zai ɗigo ba. Tarin abubuwan da za su iya fitowa shi ne renj a bakin ɗalibai. Mu girbi za mu ce masa. Hurumi da girbi ke nan. Me ke shiga, me ke fita.

To yaya ake gano hurumi? Hanyar ba boyayya ba ce. Kada ka tsaya lissafa abin da ƙa'ida take karɓa, yawansa ba ya ƙirguwa. Nemi tsakuwar. Nemi lambar da za ta karya injin, ka fitar da ita, sauran duka hurumi ne. Tsakuwa ta farko ita ce rabawa da sifili. Ga misali. A ce ka zaɓi lamba, ka ɗebe 3 daga cikinta, sannan ka raba 12 da abin da ya rage. Ka zaɓi 7, saura 4, amsa 3. Ka zaɓi 4, saura 1, amsa 12. Lafiya lau. To zaɓi 3 mu gani. Saura sifili. An ce ka raba goro 12 ga babu kowa. Nawa kowa zai samu? Wasu yara sukan ce sifili, wasu su ce 12. Duk ba haka ba ne. Rabawa juyin sau ce. In ka ce 12 a raba 4 ya ba da 3, dalili shi ne 3 sau 4 ya mayar da kai 12. To wace lamba ce za ka yi sau sifili ta mayar da kai 12? Babu ita. Kowace lamba sau sifili, sifili ce. Saboda haka tambayar ba ta da amsa, kuma 3 ba ta cikin hurumin wannan ƙa'ida. Duk wata lamba tana ciki, ban da ita. Tsakuwa ta biyu ita ce neman saiwar lambar da ke ƙasa da sifili. Fili mai kusurwa huɗu daidai wa daida, in girmansa taku 100 ne, kowane gefe taku 10 ne, domin 10 sau 10 ya ba da 100. Wannan 10 ita ce saiwar. Amma wa ya taɓa ganin filin da girmansa ya gaza babu? A lambobin da muke awo da su, babu lambar da za ka yi sau kanta ta ba ka bashi, wato amsar da ke ƙasa da sifili. Don haka ƙofar saiwa a rufe take ga duk abin da ke ƙasa da sifili.

Wannan hurumi ke nan. Girbi ya fi shi wuyar kamawa, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Dalili kuwa, ba a ganinsa a fuskar ƙa'ida, sai an bi ta an ga inda take kaiwa. Koma kan misalin goron nan. Wace amsa ce ba za ta taɓa fitowa ba? Sifili. Ko mutane dubu ka raba wa goro 12, kowa zai samu ɗan ɓarɓashi. Rabon zai yi ta ƙanƙancewa, amma ba zai zama babu ba. Sifili ba ta cikin girbin.

Ga wani misalin da ya fi kusa da gida. Mai lambu a bakin Gulbin Sakkwato, nan gefen Gusau, yana da kara da zai yi danga taku 40. Yana son ya kewaye fili mai kusurwa huɗu. In ya ba faɗi taku 5, tsawo zai samu 15, domin faɗi da tsawo dole su haɗu su yi 20, rabin dangar. Girman lambun 5 sau 15, wato 75. In ya ba faɗi 8, tsawo 12, girma 96. In ya ba faɗi 10, tsawo 10, girma 100. Daga nan fa sai gangara. Faɗi 12 ya mayar da shi 96. Faɗi 19 ya bar shi da siririn fili kamar hanyar tururuwa. Kun ga girbin ya fito fili. Lambun nan ba zai wuce 100 ba, ko da mai shi ya kwana yana jan danga. Hurumin kuwa tsakanin sifili ne da 20. Yanzu ku saurari abin da ya sa na kawo misalin. A takarda, babu abin da zai hana yaro ya sa faɗi 25. Babu rabawa da sifili, babu saiwa. Zai buga, ya samu tsawo 5 ƙasa da sifili, girma 125 ƙasa da sifili, ya ja layi biyu a ƙarƙashi ya miƙa wa malam. Lissafinsa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Hankali ne bai shiga ba. Wannan ita ce tsakuwa ta uku, kuma ta fi sauran yawa a rayuwa. Abin da ake aunawa shi ma yana yanka wa ƙa'ida hurumi.

Yanzu mu juya wani ɓangaren. Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasarmu. 'Yandoto garin malamai ne tun kafin jihadi, lokacin tana ƙarƙashin Katsina, kuma daga nesa ake zuwa ɗaukar karatu a cikinta. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu a zaure ya san tsarin karatun. Ba a ba ka hukunci sai an ba ka sharaɗinsa. Ɗauki zakkar tumaki da awaki, kamar yadda take a littattafan Malikiyya irin su Risala. Mai ƙasa da 40, babu komai a kansa. Daga 40 zuwa 120, dabba ɗaya. Daga 121 zuwa 200, biyu. Daga 201, uku. Ku duba da idon lissafi. Ka zuba yawan garke, amsa ɗaya ta fito. Fankishin ke nan cikakke. Huruminsa lambobi ne cikakku, domin babu mai kiwon tunkiya 50 da rabi. Girbinsa ma cikakku ne, babu, ɗaya, biyu, uku, haka har sama. Ba ya hawa a hankali kamar gangaren tudu, tsalle yake kamar matakala. Mai 40 da mai 80 da mai 120 duk dabba ɗaya za su fitar. Malamai har suna suka ba tsakanin matakalan nan, suna ce masa waƙasi. Darasi biyu ne a nan ga ɗalibi. Na farko, lambobi da yawa suna iya haɗuwa a kan amsa ɗaya, ba laifi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne garke ɗaya ya zama yana da amsa biyu. Na biyu ya fi laushi. Mai tumaki 30 bai fita daga hurumi ba. Ƙa'idar ta karɓe shi, ta ba shi amsa, amsar ita ce babu komai a kanka. Akwai bambanci tsakanin amsar da ta zama sifili da tambayar da ba ta da amsa. Yaron da ya kama wannan bambancin ya kama rabin darasin. Hukuncin zakka dai na malamai ne, su za a tambaya. Mu siffar lissafin kawai muke kallo.

Ga kuma wani abin daga Katsina. Akwai malami mai suna Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya rasu a birnin Alƙahira a 1741. A 1732 ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake gina hatimin lambobi, wanda ko ta ina ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. Hatimi mai gida uku uku yana ɗaukar lambobi daga 1 zuwa 9. Ka tara su, 45. Ka raba wa layi uku, kowane layi 15. Mai gida huɗu huɗu, kowane layi 34. To gwada mai gida biyu biyu. Lambobin 1 zuwa 4 ne, jimla 10, layi biyu, kowane layi 5. Ƙa'ida ta amsa da bakinta, ta ce 5. Je ka gina shi. Lamba 1 tana bukatar 4 a gefenta don layin kwance ya yi 5. Tana kuma bukatar 4 a ƙarƙashinta don layin tsaye ya yi 5. Alhali 4 ɗin guda ɗaya ce. Hatimin nan ba ya ginuwa, har abada. Ƙa'ida ta ba da amsa a kan abin da babu shi. Da ma ba ta san ta fita huruminta ba. Mutum ne zai sani.

To, bari mu saurari masu ja. Na farko zai ce, kai mai sharhi, so kake ka ce kakanninmu ne suka ƙirƙiro fankishin? A'a, ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Kalmar da alamominta a Turai aka tsara su. Bajamushen nan Laibiniz ya fara amfani da kalmar a ƙarshen ƙarni na 17. Oila, mutumin Siwizalan, ya kawo rubutun da yara suke yi yau, harafin ef da baka biyu, a 1734. Sai a ƙarni na 19 ma'anar ta zauna yadda take a littattafai yanzu. Kowa a ba shi haƙƙinsa. Abin da nake cewa bai kai can ba. Yaron Tsafe ko na Kwatarkwashi ba da hannu wofi yake shiga aji ba. Ya san sharaɗi kafin hukunci. Ya san mudu ba ya ɗaukar tiya. Ya san ba a raba gado sai an fitar da bashi da wasiyya. Malamin da ya bar duk wannan a bakin ƙofa, ya fara da baƙaƙen alamomi a allo, ya yar da jarin da yaron ya zo da shi.

Mai ja na biyu ya fi ƙarfi. Zai ce, zamani ya wuce nan. Waya tana aljihu, kwamfuta tana ofis, su za su buga komai. Me ya sa za a wahalar da yaro? Amsata ita ce, na'ura ta fi kowa bukatar mai sanin iyaka. A ranar 4 ga Yuni 1996, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Zamfara, ƙasashen Turai suka harba sabon rokansu Ariane 5. Bai cika minti ɗaya a sama ba ya tarwatse. Da aka bincika, sai aka tarar an ɗauko tsarin lissafin tsohon roka an ɗora wa sabo. Sabon ya fi gudu. Wata lamba ta fito wadda ta fi ƙarfin gidan da aka tanadar mata, kwamfutar ta rikice. Ƙa'idar daidai take a tsohon huruminta. An kai ta inda ba nata ba.

Kada ma mu yi nisa, mu dawo gida. Kowa a jihar Zamfara yana tuna 2010, shekarar gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake daka dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara ɗaruruwa suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ma'aikatan lafiya, da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, da masana daga Amurka, sun yi aiki da wata 'yar na'urar hannu mai auna dalma a jini. Ma'auninta yana tsayawa ne a 65. Abin da ya haura nan, ba ta faɗin lamba, sai dai ta nuna ya yi yawa. A ƙauyukan da aka fara gwaji, akasarin yaran sun haura. Ku duba matsalar. Yaron da ya ɗan wuce 65 da wanda ya ninka ta sau da yawa, fuska ɗaya na'urar take nuna musu. Girbinta ya ƙare, ciwo kuwa bai ƙare ba. Da ma'aikatan ba su san iyakar kayan aikinsu ba, da sun ɗauka yaran duk matsayinsu ɗaya. Sun sani. Suka riƙa aika jini manyan ɗakunan gwaji a waje, aka kuma samo dabarar sirka jinin don ya dawo cikin abin da na'urar take iya karantawa, sannan a ninka amsar. Wannan darasin hurumi da girbi ne, amma da rai a tsakiya. Yarinyar da ke karatun kiwon lafiya a Tsafe yau, gobe ita za ta riƙe irin wannan na'ura. Sikelin mai awon auduga ma haka yake, da mitar mai sayar da fetur. Kowane ma'auni yana da inda yake farawa da inda yake tsayawa.

Mai ja na uku malami ne, kuma ina jin tausayinsa. Zai ce, aji cike yake, lokaci kaɗan ne, manhaja doguwa ce. Jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da Turanci ake yin su. In na tsaya labarin injin niƙa da danga, yaushe zan gama? Gaskiya ne, malam, nauyin yana da yawa, musamman a shekarun nan da rashin tsaro ya sha katse wa yara karatu. Amma ba sabon darasi nake roƙo a ƙara ba. Tambaya biyu ce a gaban kowace ƙa'ida, ba ta cin minti biyar. Wace lamba ce ba za ta shiga nan ba? Wace amsa ce ba za ta taɓa fitowa ba? Kuma ribar a zauren jarrabawa take dawowa. Yaron da ya san girbin lamba sau kanta ba ya sauka ƙasa da sifili, da ya ga irin wannan amsa a cikin zaɓi huɗu zai tsallake ta, bai ko taɓa alƙalami ba. Wanda aka tambaya yawan mutane ya samu 7 da rabi zai san ya yi ɓatan kai, ya koma baya. Batun harshe kuwa, a fahimtar da shi da Hausa, a ba shi sunan da Turanci, ya rubuta da Turanci. Suna ba ya wuyar riƙewa in an san mai shi. Wahalar ita ce riƙe sunan wanda ba ka taɓa gani ba. Kuma duk wanda zai shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda, ya karanta injiniya ko kwamfuta ko lissafin kuɗi, da wannan darasin za a tarbe shi a shekarar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyaye, ku ma da naku. Ba sai kun yi boko ba. In yaro ya kawo muku amsa, ku tambaye shi, wannan amsar tana yiwuwa kuwa? Uwar da take auna tsaba kullum ta fi kowa sanin abin da ƙwarya take ɗauka.

Ɗalibai, ga aikin gida kafin mu rabu. Mai lambun nan ya samu katanga a gefe ɗaya, saboda haka gefe uku kawai zai yi wa danga, da karan nan nasa na taku 40. Faɗin zai iya kamawa daga nawa zuwa nawa? Kuma mene ne mafi girman filin da zai iya kewayewa? Ku zana a ƙasa da tsinke, ku gwada faɗi 5, ku gwada 10, ku gwada 15, ku ga inda ya juya. Gobe ku kai wa malaminku. Allah ya ba yaranmu basira, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.